Rigar Tseren Maitama Ta Sha Sitati

A duk garin Springfield, can ƙasar Turawa, babu wanda ya san halin iska kamar Maitama. Shi ne ya faɗa, kuma bai taɓa jiran wani ya faɗa masa ba. Sana'arsa haɗa na'urar sanyaya ɗaki da ta ɗumama shi a gidajen mutane. Yini yake cikin silin yana jan bututu, amma in ya sauko ya kaɗe ƙura sai a kira shi Injiniya. Wanda ya ce Malam Maitama ba zai ji amsa ba sai ya gyara bakinsa.

Tun da likita ya ce masa tumbinsa ya yi gaba ya bar shi a baya, ya shiga harkar keke. Wani in an gaya masa haka, keke ɗaya zai saya ya riƙa zagaya unguwa da yamma. Maitama uku ya saya, da tayoyin canji, da famfo iri-iri, da wani ƙarfe da ake ɗora keke a kai a yi ta tuƙi ba a zuwa ko'ina. Duk ya jibge su a gareji. Motar matarsa Hasiya ta koma kwana a waje.

Hasiya nas ce a wani asibiti a Largo, da sassafe take fita. Duk lokacin sanyi sai ta tsaya a ƙofar gida da makankari a hannu tana kankare ƙanƙara daga gilashin mota, yatsunta kamar su zube, ga kekuna can ciki cikin ɗumi sun jingina da juna kamar 'yan biki.

"Baban Afnan, wai keke mura yake yi?"

"Wannan ba irin ƙarfen da kika sani ba ne. Sanyi yana taɓa lafiyarsa."

"Ni fa? Da me aka yi ni?"

"Ke ai kina da safar hannu."

Ana nan sai aka yi wani suna a Germantown. Maza na falo suna cin shinkafa, sai Saaka ya ce ya sa sunansa a wata ƙaramar gasa da ƙungiyar motsa jiki ta wata unguwa ke shiryawa duk bazara, irin mai hawa uku ɗin nan: a yi ninkaya, a hau keke, sannan a yi gudu. Saaka mutumin Kumasi ne, yana da shagon kayan abincin gida a Springfield, inda ake samun manja da garin rogo da busasshen kifi. Kowane namiji a bakinsa Massa ne, wato maigida. Shi ma tumbin ne ya koro shi.

Maitama ya ajiye cokali ya yi dariya har da buga cinya.

"Kai? Da wannan keken naka mai kwando da kake kai wa mutane doya?"

"Massa, ni in gama kawai nake so."

"Za ka gama. Washegari."

"To kai ma ka shiga mana, Injiniya. Kekuna uku, ba mu taɓa ganin ɗaya a titi ba. Ko haya suke biya a gareji?"

Aka yi dariya. Maitama kuwa abin da ya tsana a duniya a yi dariya ba shi ya jawo ta ba. Ya miƙe tsaye da ƙashin kaza a hannu.

"Na shiga. Kuma jama'a ku shaida, in Saaka ya riga ni taka layi, da hannuna zan kwashe kekunan nan in fitar da su, Hasiya ta sa motarta."

Hasiya tana can ɗakin mata tana raba naman suna, amma kunnenta ya tsallake bango biyu. Sai ga ta a bakin ƙofa da ludayi.

"Malam Liman, ka ji ko?"

Liman ya haɗiye lomarsa ya ce, "Na ji, Maman Afnan."

Magana ta zauna.

Wani zai ce yanzu sai atisaye. Maitama ya ce atisaye na wanda bai yi karatun iska ba ne. A ganinsa abin da ke hana mai keke gudu ba ƙafa ba ne, ba huhu ba ne, iskar da ke tokare masa ƙirji ce. Wanda ya yi maganin iska ya gama tsere tun kafin a busa usur. Maganin iska kuwa riga ce.

Ya tafi wani shagon kekuna ya sami wata Baturiya mai suna Abby, ya ce ta nuna masa rigar da ta fi kowace yanka iska. Ta ɗauko masa wata mai haɗe da wando, ba hannu, ta ce irin wannan ake sawa a gasa mai hawa uku, ana ninkaya da ita, ana gudu da ita.

"Waccan fa?" Ya nuna wata baƙa mai dogon hannu da ke rataye can sama ita kaɗai, a tanƙware kamar tana neman wani abu a ƙasa.

Abby ta ce waccan ta masu tseren agogo ce, waɗanda ke kifa ciki a kan keke tun daga farko har ƙarshe. An ɗinka ta ne a sunkuye. A kan keke babu kamarta, amma ba a miƙewa tsaye da ita, balle gudu.

"Wacce ta fi sauri?"

Ta ce a kan keke dai waccan.

"To me kike jira?"

Ta auna ƙirjinsa, ta auna tumbi, ta sake auna tumbin don ta tabbata, ta ɗauko masa daidai shi. Ya ce ta rage. Ta rage. Ya ce ta ƙara ragewa, ai ya ji an ce in ba ta matse ba iska tana samun wurin zama. Ta ce kuma ba a sa komai a ƙarƙashinta. Ya ce wannan ai ya daɗe da sani. Ya shafa hannun rigar ya ji wasu 'yan layuka sun taso kamar kunyar gona. Abby ta fara bayanin cewa da gangan aka yi su, suna taimaka wa iska ta bi jiki ta wuce. Maitama ya yi murmushin tausayi.

"'Yata, ni da iska muke yini."

Da ya dawo gida ya shiga ɗaki ya kulle. Hasiya ta ji nishi, ta ji gado ya motsa, ta ji an kira sunan Allah. Can ƙofa ta buɗe, sai ga Injiniya ya fito a sunkuye, hannuwa a gaba, ido a ƙasa, tumbi ya rabu gida biyu kowane ya nemi hanyarsa.

"Lafiya? Me ya faɗi?"

"Babu abin da ya faɗi. Haka ake tsayawa."

"Miƙe in gani."

"Ba a miƙewa."

"Shekara nawa ina roƙon ka rusuna wa mutane ka ƙi. Ashe riga ce babu."

Bai kula ta ba, ya tafi gaban madubi a haka, ya karkata kai ya duba hannun rigar. 'Yan layukan nan suna nan. Suka tsaya masa a rai. Shi dai ya san abu ɗaya: duk abin da ake so iska ta zame a kansa, sai ya yi sumul. Ya kuma san abin da ke sa tufa ta yi sumul, tun yana yaro a Fagge yake gani. Shadda in ta sha sitati ta sha bugu, ƙuda ma in ya sauka zamewa yake yi.

"Turawa sun iya ɗinki," ya ce wa madubi, "amma ba su iya gama kaya ba."

Sitatin feshi na kanti bai yi masa ba, ya ce wannan turare ne. Ya tafi shagon Saaka, don a nan kaɗai ake samun na rogo na gaske. Ya ɗauki leda babba ya dire a kan kanta.

"Ei, Injiniya, duk wannan? Biki za ka yi?"

"Shadda zan gyara."

"Shaddar masallaci gaba ɗaya?"

"Ka sayar ko in tafi wani wuri?"

"Ɗauka, massa. Wannan mai ƙarfi ne fa, kaɗan ake sawa."

"Kai za ka koya wa Bakano sitati?"

Ya dama shi a babbar tukunyar Hasiya ta taron suna, da kauri, har muciya tana tsayawa da kanta. Ya tsoma riga ya shanya. Ta bushe, ya duba, layukan ba su ɓace ba. Ya sake tsomawa. Ya sake. Sai da hannun ya shafe ya zama kamar allo. Sannan ya shimfiɗa ta a kan katako a gareji ya sa taɓarya ya yi ta bugu, maƙwabcinsa Bature ya leƙo ta katanga ya tambaya ko a kira mai gyaran famfo. Da ya gama, riga tana ƙyalli kamar sabuwar mota. Ya jingina ta da bango, ta tsaya da ƙafarta, a sunkuye, kamar wani baƙo mai ladabi da ya zo neman aure.

Ana saura 'yan kwanaki gasa, Hajiya ta sauka daga Kano.

Hajiya mahaifiyar Hasiya ce. Duk bakin Maitama, a gabanta ba shi da shi. Bai taɓa cin abinci tana kallo ba, bai taɓa kama sunanta ba, bai taɓa fitowa falo ba hula in tana gidan. Ko tari in ya taso masa sai ya fita waje. Ya ja Hasiya gefe ya ce kada ta kuskura Hajiya ta ji zancen gasar nan.

"Ni ba zan faɗa ba," in ji Hasiya.

Ba ta faɗa ba. Hajiya ce da kanta ta shiga gareji neman tsintsiya, ta ga mutum baƙi wuluk a sunkuye a jikin bango ba kai, ta yi salati da ƙarfi ta fito da baya. Dole aka yi mata bayani. Ta saurara har ƙarshe ta ce, "To ai sai mu je mu yi masa addu'a. Na gaji da zaman gida."

Ranar gasa da safe, sai da Hasiya ta shafe shi da man gyaɗa kafin ya shiga rigar. Tana ja yana turawa, riga tana ƙara kamar ana taka busasshen kara. Da zif ya kai wuya, Maitama ya ce ta kawo jallabiya da hula. Haka ya shiga mota a sunkuye, jallabiya a sama, ya zauna a baya. Hajiya na gaba tana jan carbi.

"Yaron nan ba ya jin daɗi ne?"

"Natsuwa yake yi, Hajiya."

Wurin gasar wani filin wasa ne a bakin tafki, da kwamin ninkaya a gefe. Ga Saaka can da gajeren wando na ƙwallo da tsohuwar singileti, yana cin ayaba, kekensa mai kwando a jingine.

"Injiniya! Jallabiya za ka yi iyo da ita?"

"Ka ci ayabarka. Ita ce kaɗai za ka ci yau."

Wata mata mai suna Constance, wadda ke riƙe da usur da lasifika, ta jera su a bakin ruwa. Maitama ya tabbatar Hajiya tana can nesa bayan shinge, sannan ya tuɓe jallabiya. Rana ta daki rigar, mutanen kusa suka kare ido. Wani dogon Bature ya matso ya tambaye shi wane kamfani ne ya yi ta.

"Ba a sayarwa," in ji Maitama.

Aka busa usur, ya faɗa ruwa kamar an jefa ƙyaure.

Da farko riga ta ƙi lanƙwasa, ya yi ta yawo a saman ruwa yana juyawa. Can sai ta fara laushi. Sai ruwan da ke kewaye da shi ya fara fari. Farin ya bi shi a baya kamar jela, ya bazu layi na kusa, ya tsallaka na gaba. Wata mata ta ɗago kai ta tofar ta ce ruwan yana da ɗanɗano. Constance ta ɗaga lasifika ta tambaya ko akwai wanda ya zubar da madara. Saaka da ke layin gefe yana iyo irin na kare ya lasa leɓe ya ce, "Ei, wannan kayan shagona ne."

Maitama ya fito daga kwami yana yauƙi tun daga wuya har gwiwa, kamar an tsamo shi daga talge. Amma ya riga Saaka fitowa, kuma wannan kaɗai ya gani. Ya nufi inda aka jera kekuna yana santsi.

A daidai bakin wurin, a kan kujerar naɗewa, ƙarƙashin lema, ga Hajiya. Hasiya ce ta matso da ita, wai a nan inuwa ta fi.

Maitama ya tsaya cik. Ya waiga, babu wata hanya. Ya fizgi tawul ɗin wani da ke rataye a shinge ya kare gabansa, ya durƙusa, domin dai agogo agogo ne, amma ba a wuce suruka a tsaye.

"Hajiya, barka da hutawa."

"Barka kadai. An fito?"

"An fito, Hajiya."

"Ya ruwan?"

"Alhamdu lillahi."

"Ba sanyi?"

"Babu, Hajiya."

"Madalla. Ya gajiya?"

"Babu gajiya."

"Wancan mai ƙiban da ya wuce yanzu da keke mai kwando, ba shi ne mai shagon da muka sayi kuka ba?"

"Shi ne, Hajiya."

"Yaron kirki. Ya gaishe ni a guje. To tashi, kada in tsare ka. Allah ya ba da sa'a."

"Amin, Hajiya."

"Allah ya tsare hanya."

"Amin."

"Ka gaida mutanen can."

Ya ja da baya a durƙushe har ya ɓace mata, sannan ya jefar da tawul ya kifa hular kwano ya haye keke. Ya zauna a sirdi, ya zame ta gaba ya sauka a kan ƙarfe. Wani sauti ya fito daga bakinsa wanda ba na kowane yare ba ne. Ya koma ya zauna, ya zame ta baya. Hannu ya kama ƙahon keke, ƙaho ya suɓuce. Haka ya fita titi yana gaba yana baya a kan sirdi kamar mai niƙa.

Amma bazarar wannan yanki ba ta wasa. Rana ta buɗe, iskar gudu ta bi jikinsa, talge ya fara kama jiki. Santsi ya ragu. Ya zauna daram. Ya kifa ciki ya miƙa hannuwa gaba yadda ya gani a hoto, keke kuwa ya ɗauki wuta, don gaskiya keken mai kyau ne, ba ruwansa da wanda ke kansa. Ya wuce wata tsohuwa. Ya wuce wani mai jan yaro a amalanke. A wata kwana wani mutum yana yanke ciyawar gefen titi da inji, injin ya feso masa, duk ta manne. Bai damu ba. Can ya hango kwando.

"Saaka! Matsa wa ilimi!"

Ya wuce shi fuu, kore shar kamar an dasa shi. Saaka ya bi shi da kallo ya ce, "Massa, a ba ka ruwa ko taki?"

Maitama ya riga shi isowa inda ake ajiye keke a fara gudu, da tazara mai kyau. Ya taka birki. Ya ce wa jikinsa ya sauka. Jiki ya ce bai ji ba.

Sitati ya bushe. Ya bushe a yadda ya same shi: baya a tanƙware, hannuwa a miƙe, gwiwa a lanƙwashe, mazaunai a manne da sirdi. Ya yi ta lilo a wuri ɗaya har keke ya gaji ya kwanta da shi a kan ciyawa, yana nan yadda yake kamar gunkin mai keke da iska ta kayar.

Constance ta rugo da wani ƙato mai rigar masu taimako. Ta tambaye shi ko ƙafarsa ce ta riƙe. Ya ce a'a. Ta ƙwanƙwasa bayansa, ya yi ƙara kamar ƙofa. Ta dubi ƙaton, ƙaton ya dube ta. Ita ta riƙe keke, shi ya riƙe Maitama, suka ja. Sirdi ya saki da wata ƙara kamar an cire murfin kwalba. Suka tsayar da shi a kan ƙafafunsa, ya tsaya a sunkuye, hannuwa a gaba. Ta nemi zif ta buɗe masa ya sha iska, zif ya zama dutse. Ta ce a kira motar asibiti.

"Ina hanyar gudu?" in ji Maitama.

Ta nuna masa. Bai gani ba, don ƙasa kaɗai yake iya gani. Ƙaton ya juya shi ya saita shi kamar baro, ya sake shi.

Hanyar gudun ta zagaya tafki ne. A bakin tafkin kuwa akwai manyan agwagin nan masu baƙin wuya, waɗanda ba sa tsoron kowa, har motar 'yan sanda suna tsarewa. Suka ga wani abu yana tafe a sunkuye, kore, yana ƙanshin rogo. Babbansu ya fara bin sa. Ya kai cafka a cinya, ya ɓalli wani ɓawo, ya ɗanɗana, ya kira 'yan'uwa.

Ba a taɓa ganin Maitama ya yi gudu irin na ranar ba. Yana tafe yana ɗingishi kamar almakashi, gwiwa ba ta miƙewa, hannuwa a gaba kamar mai tura motar da ba a gani, agwagi na biye suna karin kumallo. Masu kallo suka ɗaga wayoyi. Wani yaro ya tambayi uwarsa ko wannan ma cikin gasar yake. Duk da haka Saaka ya cim masa a bayan tafki, ya wuce shi yana haki, ya ce, "Ka zo da iyali ne?"

Maitama ya ci gaba da ɗingishi. Ya kafa ido a kan jajayen takalman Saaka ya bi su. Kuma Allah da ikonsa, Saaka ya fara ƙarewa. Ayaba ta gama aikinta. Ya koma tafiya, ya dafe ƙugu, yana jan ƙafa. Takalman suka matso. Maitama ya ji hayaniyar mutane, ya ji lasifika, ya gane layi ya kusa. Ya zo daidai da Saaka. Ya wuce shi da taku ɗaya. Ya hango farin layi can gaba kaɗan a ƙasa, kusa har ana iya tofa masa yawu.

Nan ne ya tuna da hoto. Za a ɗauki hoton wanda ya taka layi, za a tura wa duk mutanen da suka ci shinkafa a Germantown. Injiniya ba zai shiga hoto a sunkuye da agwagwa a gindi ba. Ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa, ya cije, ya ɗaga ƙirji sama ya miƙe.

Ƙarar ta kai har wurin ajiye motoci. Riga ta tsage tun daga wuya, ta bi tsakiyar baya ta sauka, ta ci gaba da sauka har inda ba a faɗa. Gefe biyu suka buɗe kamar ƙyauren shago. Iskar da ya yi shekaru yana karantawa ta shigo ta gaishe shi. Kuma ya bi umarnin Abby sau ɗaya a rayuwarsa: babu komai a ƙarƙashi.

Agwagi ma suka tsaya.

Yanzu da ya miƙe yana ganin komai. Ga layi. Ga Constance da lasifika a buɗe da bakinta a buɗe. Ga kuma, a gefen hanya, daidai inda zai ba wa baya in ya ƙara taku ɗaya, kujerar naɗewa da lema. Hasiya ta sake matso da Hajiya, wai a nan an fi gani.

Maitama ya dubi layi. Ya dubi Hajiya. Ya zauna daɓas a kan kwalta, ya juya bayansa ga wani kwandon shara, ya naɗe ƙafa ya sunkuyar da kai.

"Hajiya, barka da rana."

"Barka kadai. An iso?"

"An kusa, Hajiya."

Constance ta yi ta kiransa da lasifika, tana cewa saura ƙiris, ya tashi. Mutane suka fara tafi suna ƙarfafa masa gwiwa. Maitama bai motsa ba. Saaka ya iso yana jan ƙafa, ya tsaya a kansa, ya leƙa bayansa, ya ɗaga gira. Ya rusuna ya gaida Hajiya a natse, ya tambaye ta ko kukar ta yi daɗi. Sannan ya taka a hankali ya tsallake layi, ya juyo.

"Massa, na gaya maka kaɗan ake sawa."

Hajiya dai idonta na kan tafki tun da aka yi ƙarar, kamar ba ta taɓa ganin ruwa ba. Ba ta juyo ba. Ta zare gyalenta na sama ta miƙa wa Hasiya ta gefe.

"Kai wa yaron nan, na ga kamar iska ta taso."

Hasiya ta kai masa ta yafa masa. Gyale ne ruwan hoda mai duwatsu. Wani ɓawon riga ya faɗo kusa da ƙafar Hajiya, ta ɗauka ta murza a yatsa, ta shinshina.

"Wa ya dama wannan?"

Maitama ya ƙara jan gyale ya rufe kafaɗa.

"Ba a tace ba," in ji ta. Ta jefar.

Da la'asar Liman ya bugo waya, ya ce ba wani abu ba ne, gaisuwa ce, kuma yana nan yana tuna abin da ya ji. Maitama ya fito da kekuna ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, yana tafiya a buɗe saboda inda agwagi suka yi aiki. Ya jera su a jikin katanga ya rufa musu leda. Maƙwabcinsa Bature ya leƙo ya ce ya gan shi a waya, ya tambaya ko zai sake shiga badi.

"Sitatin Gana ne," in ji Maitama. "Da na Kano ne, da yanzu wani zance ake."

Hasiya ta tada mota ta shigar da ita gareji a hankali, ta daidaita ta a tsakiya, ta kashe. Ta ɗan zauna a ciki tana kallon bango. Sannan ta buɗe aljihun mota ta ɗauko makankarin ƙanƙara, wanda bakinsa ya cinye saboda aiki, ta fito ta sa masa a hannu.

"Na me?"

"Ajiye. Sanyi na zuwa, ka ce yana taɓa lafiyarsu."

Ta juya za ta shiga gida, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Safar hannun tana cikin durowa."